Zobe a ƙafar tsuntsu: abin da na gani a fadamar Logon

Ni haifaffen Kusiri ne a arewacin Kamaru, garin da ruwa kawai ya raba shi da Njamena. Kakanmu daga ƙasar Haɗeja ya taso da niyyar zuwa Makka a ƙafa, irin tafiyar mutanen da. Ya yada zango a bakin kogi don ya ƙara guzuri, aure ya riƙe shi, kasuwa ta daɗa riƙe shi, har ya cika a nan. Mahaifina fataucin banda ya gada. Ni kuwa aka sa ni lekol da safe, allo da yamma, in an ba da dogon hutu a ɗora ni a motar 'yan kifi zuwa wajen ƙanen mahaifiyata, wanda ke sana'ar su a wani ƙauye kusa da Zina, can tsakiyar fadamar kogin Logon.

Fadamar nan a jinya na same ta. A 1979 aka gina madatsar ruwa ta Maga domin noman shinkafa, aka ta da ganuwar ƙasa a gefen kogi, ambaliyar da ta saba shimfiɗuwa duk shekara ta ragu ƙwarai, fari kuma ya zo ya ɗora nasa a shekarun 1980. Tsofaffi sai su nuna maka busasshen fili, ƙasa duk ta dare, su ce da jirgi ake ratsa nan, can kuwa ciyawa har wuyan sa take kaiwa. Kifi ya yi wuya, makiyaya suka kora shanunsu gaba, samari suka watse birane. Kawu bai tashi ba. Ranar da koma ta fito ba komai, tsuntsu ake ci. Shi ya koya mini murza gashin wutsiyar doki in ɗana tarko a bakin tabki. Shi ya koya mini wane tsuntsu ke sauka da asuba, wane ke jira sai rana ta yi sanyi, da yadda ake rarrabe kukan kirinjijiya da na dinya cikin duhu. Duk abincin da na ci daga baya a wannan aiki, tushensa karatun Kawu ne, Allah Ya jiƙansa.

A 1994 gwamnati da IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu da muhalli, suka buɗe wata mashigar ruwa da aka daɗe da toshewa, ruwan Logon ya sake bi ta rafin Logomatiya ya malala cikin wani sashe na fadama. Lokacin na bar lekol, ina taya Baba ɗaurin kwalayen banda. Ba a jima ba ciyawa ta fara komowa, kifi ya biyo ta, tsuntsaye suka biyo kifi. Su kuma tsuntsayen mutane suka biyo su: ma'aikatan gandun dajin Waza, ɗaliban makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa, da wasu Turawa 'yan Holan, kowa da tabaran hangen nesa rataye a wuya. Suna neman wanda ya iya tura jirgi da gora, ya kuma iya mai da maganar bulama zuwa Faransanci. Ina jin Hausa da Fillanci da Larabcin Shuwa, ina tsintar harshen Kotoko. Bulama ya nuna ni.

Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta kawo su, wadda ake yi a tsakiyar watan Janairu a ƙasashe da yawa lokaci guda. Tun 1967 aka soma ta, Afirka ta shiga tsarin sosai a 1991. Ba ɗaya-ɗaya ake ƙirga babban garke ba. Ka ƙirga goma, ka riƙe girman goman nan a idonka, ka dinga aza ta a kan sauran, goma-goma ta kai ka ɗari, ɗari-ɗari ta kai ka dubu. Mutum biyu su ƙirga kowa daban, sannan a gwada. Abin da ya fara burge ni shi ne ba a yarda mutum ya ce "suna da yawa" ya yi shiru ba. Sai ya faɗi adadi, ya faɗi wuri, ya faɗi rana.

Kawu ya yi kwanaki yana kallonmu bai ce uffan ba. Wani dare muna zaune bakin wuta sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin da yake ajiye ƙugiyoyi, ya zazzage a tabarma, ya tsinto wani zoben ƙarfe da ya dushe. Ya ce daga ƙafar farar shamuwa ya cire shi, irin manyan nan masu jan baki da jar ƙafa da ke zuwa da kaka su bi fara a fili. Shekara da shekaru zoben na wajensa, ko matarsa bai nuna wa ba. Ya ga rubutun Nasara a jiki, ya ce a ransa ko dai tsuntsun wani babba ne, ko kuwa wani aiki aka yi aka ɗaura masa, kowanne ne kuwa shiru ya fi.

Shugabar ayarin ta karɓa da hannu biyu, ta haska tocila ta karanta. Akwai lamba, akwai sunan Gdansk, wani birni na ƙasar Polan inda ofishin zobensu yake. Ina fassara, gabana na faɗuwa, don na ɗauka faɗa za ta yi. Ba ta tambayi dalilin da ya sa tsuntsun ya mutu ba. Abu uku ta nema: a ina, wane wata, wace shekara. Kawu ya ce bayan tabkin da ke yamma da gari, cikin sanyi, shekarar da aka raba hatsin agaji. Da wannan aka gane shekarar. Ta rubuta wasiƙa.

Watanni suka shuɗe kafin amsa ta iso Marwa. Ni na ɗauki takardar da kaina na kai ƙauye, na karanta masa da Hausa. An sa wa shamuwar zobe ne tana 'yar jaririya cikin sheƙa, a wani ƙauye na gabashin Polan, a watan Yuni, 'yan shekaru kafin ta faɗa hannunsa. An haɗo da taswira, an ja layi daga can zuwa nan. Ya daɗe yana bin layin da yatsa. Can ya ce, "Ɗan nan, in za ka rubuta musu, ka ce tsuntsunsu ya iso lafiya, ya ci fararmu ya ƙoshi. Abin da ya biyo baya yunwa ce." Na ce, "To, Kawu." Haka na rubuta, ban rage ko harafi ba. A ranar na san ba zan gaji Baba a fataucin banda ba. Baba bai ji daɗi ba da farko, amma da ya ga takardar mai hatimi ya sa mini albarka.

Daga baya, a wani ɗan kwas da aka tura ni Garwa, na ji tarihin abin. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashi na Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi tafiyar nan duka. Har yanzu tana ajiye a jami'ar Rostok. Kafin nan Turawa gardama suke yi a kan inda tsuntsayensu ke shiga in sanyi ya zo, wasu har cewa suke cikin taɓon tabki suke kwanciya. Zobe mai lamba kuwa wani malamin makaranta ɗan Danmak, Mortensen, ya fara amfani da shi a 1899. Na riƙe labarin mashin nan da kyau, domin ya nuna mini tun farkon wannan ilimi da hannun mutanenmu a ciki. Mai sa zobe rabin aiki ya yi. Sauran rabin yana hannun masunci ko makiyayi ko yaro mai danƙo da zai tsinci tsuntsun a wata ƙasa.

Koyon sa zobe ya ɗauke ni shekaru, kuma ba a yin sa sai da izinin hukuma da kuma wanda ya ƙware tsaye a kanka. Ragar baƙin zare ce, siririya ƙwarai, in an kafa ta a gaban ciyawa ko kurmin ƙaya tsuntsu ba ya ganinta. Tun kafin assalatu muke kafa gorori mu buɗe ta. A zagaya a kai a kai, ba a barin tsuntsu ya daɗe a rataye, da rana ta ɗaga kuma a naɗe, domin zafin wajenmu ba ya wasa da ƙaramin rai. Fitar da shi daga raga shi ne gwanintar. Ka fara gano ta wane gefe ya shiga, ka kwance ƙafafu, sannan fikafikai, kai a ƙarshe. Wuyansa tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, ba matsi. A jefa shi 'yar jakar yadi ya natsu cikin duhu. Yatsuna sun riga sun saba da gashin doki, wannan ya sa hannuna ya faɗa da wuri.

A inuwa ake sauran aiki. Kowane irin tsuntsu da girman zoben da ya dace da ƙaurinsa, a matse da filaya mai ramuka yadda zai riƙa juyawa amma ba zai zame ba. A auna fiffike da rula, a duba gashi a gane na bana ne ko babba, a sa a sikeli. Sai abin da na fi so: ka kwantar da shi a tafin hannu ka hura gashin ƙirjinsa ya buɗe. Ƙarƙashin fatar nan za ka hango kitse, rawaya kamar man shanu. A watan Disamba da ƙyar ka ga ɗigo. A ƙarshen Maris da Afrilu ya cika kwarmin wuya ya rufe ciki.

Akwai wani ɗan tsuntsun ciyawar ruwa mai farar gira, nauyinsa na yau da kullum giram 11 ko 12. Kafin ya tashi zuwa Turai yakan kai kusan 20. Guzurinsa ke nan na ratsa Sahara, wajen kilomita 2,000, yawanci da dare yake tafiya. A bakin tafkin Cadi, ta wajen Bulanguwa, na ga inda guzurin ke fitowa: ƙananan ƙwarin nan da ke tashi daga ruwa su turnuƙe sama, da 'ya'yan itacen asuwaki da ke nuna daidai wannan lokaci. Wanda ya sami ci zai ƙetare. Wanda ya iso ya tarar tabki ya ƙafe, an sare itacen, a cikin rairayi zai faɗi, ba mai gani. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka wayi gari fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo musu ba. Da aka bi diddigi, farin da ya kama Sahel ne sanadi, farin nan da ya kashe shanun iyayenmu, ya fara janye tafkin da a farkon shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000. Yunwa ɗaya ce ta ci mu ta ci su, sai dai su a wata nahiya aka ga giɓinsu.

Aikin yana son haƙuri. Cikin ɗaruruwan ƙananan tsuntsayen da ka sa wa zobe, da ƙyar ka sake jin labarin ɗaya daga waje. Amma Allah Yakan sanyaya maka rai ta wata hanya. Na sha kama tsuntsu a gindin wata magarya, in duba ƙafa in ga lambar da na rubuta da hannuna bara, a wannan magaryar dai. Ya je Turai ya yi ƙwai ya dawo, bai ɓata ba. Ranar da hakan ta fara faruwa da ni na kasa riƙe alƙalami, sai abokin aikina ya rubuta.

Wahalar gaske ba a raga take ba, wajen mutane take. Zobba da yawa suna nan cikin ƙauyukanmu, wani an jefa rijiya, wani an ɗinke cikin laya, wani yarinya ta zura a sarƙa. Na ga masu rubutun Paris, na ga na Helgoland da Radolfzell a Jamus, na ga na Mosko. Tsoro ke hana a fito da su, kuma tsoron yana da dalili, tunda talaka ya san in ya nuna abin da ba a saba gani ba tambaya ce za ta biyo. A wani ƙauyen ƙabilar Musgum da Hausawa ke zaune a gefe, na yi ta bayani ba wanda ya motsa. Na je na durƙusa gaban limamin. Na ce, "Allah gafarta malam, zoben nan wasiƙa ce, ba sihiri ba." Ya juya shi, ya sa ɗansa ɗan lekol ya karanta lambar. Bayan sallar la'asar ya ce da jama'a ai tsuntsu ya taɓa kai wasiƙa tun zamanin Annabi Sulaimanu, alhudahuda ma ba baƙo ba ne a wajenmu, wanda ke da irin wannan ya kawo, shi ya tsaya masa. Kafin magariba an ajiye zobba a kan buzunsa. Tun daga ranar ban ƙara shiga gari na fara da taro ba. Bulama da liman nake fara gaisarwa.

Ra'ayina a kan kāriya kuwa ban ɓoye wa Turawan da na yi aiki da su ba. Ba za ka ce da mai jin yunwa kada ya ci tsuntsu ba, ka juya ka hau mota. Janbaki ma in ya sauka a gonar masakwa ko shinkafa, kwana kaɗan ya isa ya tsiyata gida. Masu kama shi da raga da dare a wajajen Njamena, su soya su kai kasuwa, a ganina sun fi feshin guba daga jirgin sama alheri, domin gubar ba ta tsayawa kan janbaki, tana bi ta kan shaho da shirwa da duk abin da ya ci mushen. Inda ba na sassautawa wuri biyu ne. Na farko gauraka. Ana kwashe 'ya'yansa daga sheƙa a sayar wa masu kuɗi su yi ado da shi a tsakar gida, inda ba zai hayayyafa ba. A Najeriya ya kusa ƙarewa a daji, fadamarmu da gandun Zakuma na Cadi suna cikin wuraren da har yanzu ake ganin garkensa. Na biyu ungulu. Ina yaro mahautar Kusiri ba ta rabuwa da su. Yau sai ka wuni ba ka ga ɗaya ba, ga guba da ake sa wa mushe, ga masu sayen kai da ƙafa don tsubbu. A 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Wannan ba yunwa ba ce, ciniki ne, kuma masu sayen ba a fadama suke zaune ba.

Shekarar 2006 ta zo da abu biyu. An sa fadamar Waza da Logon cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, ta amince da muhimmancinsu, muka yi murna. A shekarar kuma murar tsuntsaye ta ɓulla a cikin agwagin gida a Marwa, mutane suka koma kallon kowane baƙon tsuntsu da mugun ido. Muka bi ƙauyuka muna cewa kada a taɓa mushen tsuntsu da hannu, kada kuma a far wa masu rai. Wannan ya wuce.

Wanda bai wuce da sauƙi ba shi ne rashin tsaro. A watan Fabrairu na 2013 aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza. Daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Gandun da aka keɓe tun 1934, aka ɗaga darajarsa a 1968, mai faɗin hekta 170,000, ya koma wurin da ake ambata da raɗa. Masu ba da kuɗi suka janye, abokan aiki suka nemi wata sana'a. Mutum mai tabaran hangen nesa da littafi a bakin ruwa ya zama abin zargi ga kowane ɓangare. Na rasa mutane a shekarun nan, cikinsu har da wani matuƙin jirgi da muka daɗe tare, wanda ya tafi su a tafki bai dawo ba. Allah Ya gafarta masa. Na naɗe ragogina na sa a akwati, na koma sayar da banda a rumfar Baba.

Ƙidaya ce ban bari ba. Inda hanya ta buɗe, wajen tafkin Maga da bakin Logon, in Janairu ya zo nakan ɗauki takardar izini in gaida hukuma in fita. Inda ban iya zuwa, waya ta yi mini aiki. Masuntan da muka saba tun zamanin zobba su ke kira, wannan ya ce kwasakwasa sun sauka wuri kaza, wancan ya ce bana gauraki sun yi ƙwai a bayan gari. Wani makiyayi ya taɓa kirana murya na rawa, ya tsinci mushen farar shamuwa da wata 'yar na'ura a gadon bayanta mai farantin hasken rana, ya binne don kada a ce da shi ɗan leƙen asiri. Na je muka tafi wajen lawan tare, na yi bayanin cewa masu bincike ne ke bin hanyar tsuntsu da ita, sannan muka tono. Da bai san ni ba, da na'urar na nan a ƙasa har yau.

Yanzu ina da yara da nake koya wa, samari da 'yan mata, cikinsu har da 'yata ta biyu, wadda idonta ya fi nawa kaifi wajen rarrabe ƙananan tsuntsayen bakin taɓo. Da shamuwarmu ta gida nake fara musu, baƙar nan mai farin ciki da ke sheƙa a tsamiyar unguwa in damina ta kusa, tunda kowa ya san ta kuma ba mai taɓa ta. In sun ji cewa da rani kudancin Afirka take tafiya ta bi ruwan can, sai tambayoyi su ɓarke. Tabaranmu ba su isa kowa ba, karɓa-karɓa ake yi. Ragogin kuma na fito da su na ɗinke inda ɓera ya ci, muna jiran sabunta izini.

Ga roƙona ga mai karatu, musamman masunta da makiyaya da manoman shinkafa daga Yaguwa har Darak, da 'yan'uwa na ƙetaren kogi har tafkin Fitiri. In ka sami tsuntsu da zobe, in yana da rai kada ka cire, ka karanta ka sake shi. In matacce ne ka rufe hannunka da leda kafin ka taɓa, ka cire zoben, ka miƙe shi, ka kwafe duk abin da ke jiki, lamba da haruffa da sunan gari, ko ka ɗauki hoto da waya. Ka riƙe ranar da sunan wurin, da yadda aka same shi, ko a koma ne ko a tarko ko a mace a fili, domin gaskiyar wannan ita masu binciken ke bukata. In roba ce mai launi a ƙafa, ka lura da launin da kuma ƙafar da take, dama ko hagu. Ka kai wa ma'aikacin gandun daji mafi kusa, ko malamin lekol da zai iya aikawa ta intanet, in kana jin nauyi ka tafi da bulamanku. Tsohon zobe ma da ya shekara ashirin a gwangwani yana da amfani, muddin ka tuna wurin da shekarar.